Rigarmu Ta Je Osu, Sunanmu Ya Tsaya a Zango

Tun bayan ƙaramar Sallah ake ta yawo da wani hoto a wayoyin mutanen Zango. Saurayi ne, ɗanmu, tsaye a ƙofar wani gidan rawa a Osu. Ya sa kaftanin baƙar shadda wanda aka datse iya ƙugu, aka tsaga gabansa aka sa masa zif, aka ɗauke aikin aska daga ƙirji aka mai da shi gadon baya. A ƙasa wandon jins ne mai faɗi da farin kambas, a kai kuma hular kube ce ya karkata ta gefe guda. Daga Nima zuwa Maamobi, daga Sabon Zango zuwa nan Adabraka, babu majalisar da ba a tattauna hoton nan ba. Dattawa suka ce an wulaƙanta suturar iyaye. Wani mai wa'azi ya ba shi kusan rabin zamansa. Samari kuwa cewa suka yi sai an ɗinka musu irinta kafin babbar Sallah.

Mun saurari kowane ɓangare, kuma abin da muka gani shi ne an bar jaki ana dukan taiki. A duk hayaniyar nan ba mu ji mutum ɗaya ya tambayi wanda ya ɗinka rigar ba, balle nawa aka biya shi, balle sunan wa ke manne a wuyanta.

Mu mun tambaya. Tambayar ta kai mu wani kanti a Osu, irin mai bangon gilashi da sanyin na'ura da kiɗa a hankali, inda muka tarar da 'yan'uwan rigar nan rataye a jere. A jikin kowacce akwai 'yar takarda da aka rubuta da Turanci, tana bayyana cewa wannan sabon salon tufafin Afirka ne na fita da dare. Babu kalmar kaftani a jiki, babu aska, babu Hausa, babu Zango. Da muka juya rigar muka dubi cikinta, sai muka gane hannun. Wanda ya tashi a unguwa ya san ɗinkin telansa kamar yadda ya san muryar ladaninsu. Wani dattijo ne a nan Adabraka, wanda ya ɗinka mana kayan Sallah tun muna tsayawa a kan benci a auna mu.

Muka je shagonsa muka gaishe shi, muka nuna masa hoton. Bai musa ba. Ya ce ana kawo masa yadi da zane a takarda, shi ya yanka ya haɗa, wani mai surfani a Maamobi ya yi aikin baya, a biya su a kan kowace riga. Muka ce, "Baba, ka san nawa ake sayar da ita a can?" Ya ce bai taɓa tambaya ba. Da muka faɗa masa, sai ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya daɗe bai ce komai ba. Abin da shi da mai surfanin suke karɓa, in an haɗa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da ke rubuce a takardar ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za mu fara da dattawanmu, domin su suka fi cancanta a yi musu bayani cikin ladabi, kuma a wannan magana su suka fi nisa da gaskiya. Suna magana kamar kaftani ya sauko ne daga sama da tsawonsa da faɗinsa, aka ce kada wanda ya taɓa. To, mu kwance rigar Alhajin da ya fi kowa fushi, mu ga daga ina kowane yanki nata ya fito. Shaddar Getzner da yake alfahari da ita a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta. Keken da aka ɗinka ta da shi, in ba Singer ba ne, to Butterfly ne na ƙasar Sin. Kwalar wuya da maɓallin hannu daga taguwar Bature aka aro su, kuma akwai lokacin da kakansa zai ga wannan kwala ya ce yaro ya zama ɗan boko. Hular Zanna Bukar ta Barno ce. Jar dara daga Arewacin Afirka ta zo. Alharinin da ake yi wa tsofaffin riguna ado da shi ta Sahara ya ƙetaro a bayan raƙuma. Ita kanta kalmar kaftani baƙuwa ce, daga Gabas ta zo mana. Dogon kaftanin nan ma da ake kira tazarce, wanda yau ake gani kamar tsohon gado, sunansa bai wuce siyasar Najeriya ta zamanin Janar Abacha ba, wato ƙarshen shekarun 1990. Wanne ne a cikin waɗannan kakanninmu suka haƙo daga ƙasar Kano?

Abin da yake namu shi ne hannun da ya haɗa su, da idon da ya san inda aska za ta zauna a ƙirji, da sunayen da muka raɗa musu. Aska biyu, aska takwas, 'yar shara, tsamiya, saƙi, barage. Wannan hannu kuwa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda tufafin da aka saƙa aka rina a can suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Fataken da suka haifi kakanninmu da irin waɗannan riguna da turkuɗi suka riƙa zuwa Salaga suna komawa da goro. Da yaƙin 1892 ya tarwatsa kasuwar Salaga, sai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da nan Accra, wadda suke kira Ankara, inda suka tarar da 'yan'uwansu irin su Malam Naino sun riga sun kafa zango. Ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango, Malam Futa ya kafa Nima a farkon shekarun 1930. Mutanen da sunan unguwarsu ma yake nufin masaukin ayari, bai kamata su firgita don rigarsu ta yi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba zuwa Osu.

Ƙasar nan ma ta riga ta nuna mana yadda riga ke sauya mazauni. Fugu, wadda ake kira batakari, ba tamu ba ce, kuma bai kamata mu yi da'awarta ba. Ta Dagomba ce da Gwanjawa da sauran 'yan'uwanmu na Arewa, ana saƙa ta a garuruwa irin su Daboya. Tonawa suka ɗauke ta suka mai da ita rigar yaƙi, suka lulluɓe ta da layun malamai. A daren 6 ga Maris 1957 kuma Kwame Nkrumah da abokansa suka hau dandamali a tsohon filin Polo sanye da ita, suka ayyana 'yancin Ghana. Rigar manoma da mayaƙan Arewa ta wayi gari rigar 'yancin ƙasa. Ba mu ji labarin masaƙan Daboya sun yi zaman makoki ba, domin rigar ta tafi da sunanta, kowa kuma ya san inda ta fito.

Sa'an nan akwai abin da dattawan suka manta, ko suka ƙi tunawa. Wannan haɗin gambizar da ake sayarwa a Osu a matsayin sabon abu, a titunan Nima aka haife shi. Wanda ya taɓa tsayawa a babban titin Nima da yammacin ranar Sallah ya san abin da muke faɗi: samari sun dawo daga idi, kaftani a jiki, baƙin tabarau a ido, kambas a ƙafa, wasu a kan doki, wasu a kan babur. 'Yan VIP, da suka tashi a Nima suka cusa Hausa cikin kiɗan hiplife har suka zama gwarazan mawaƙan Ghana a 2004, ba su je wata makarantar zanen tufafi ba kafin su haɗa suturar gida da ta titi. Yaranmu sun fi shekara ashirin suna wannan kwalliya kyauta a bainar jama'a. Wani ya zo ya tsaya a gefe ya kalla, ya ɗauki hoto, ya koma ya zana a takarda, ya dawo da takardar wurin telanmu, ya sa sunansa. Mu kuma muna can muna gardama a kan tsawon riga.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne matan Zango sun fi mu iya tsare suna. Dubi abincin ƙasar nan. Waakye, wake ne. Koose, ƙosai ne. Tuo zaafi, tuwon zafi ne. Kokon da ma'aikacin banki ke tsayawa layi yana saya da asuba, har yau Hausa koko yake kiransa, ko da bai iya gaisuwa da Hausa ba. Iyayenmu mata ba su da ƙungiya, ba su da lauya, amma sun zauna a bakin tukunyarsu da kansu, suna sayarwa da hannunsu, har sunan ya kama bakin mutane. Mu maza masu manyan riguna mun koma ɗakin baya muna ɗinki, mun bar wani a bakin ƙofa yana karɓar baƙi.

A kwatanta da kente. Virgil Abloh, wanda aka haifa a Amurka, iyayensa 'yan Ghana, mahaifiyarsa kuma tela ce, ya zama shugaban zanen tufafin maza na kamfanin Louis Vuitton a 2018. Shi ne mutumin da ya fi kowa shigar da tufafin titi cikin manyan gidajen ado na Faransa. A farkon 2021, shekarar da ya rasu, ya sa kente a cikin kayan da ya nuna wa duniya, kuma duk wanda ya yi rubutu a kai kente ya kira shi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun da duniya ta gada, aka ambaci garuruwan masaƙa irin su Bonwire da Agotime. Ko a gidan rawa aka sa kente, ko a fadar Asantehene, sunansa na biye da shi, kuma kuɗi na bin sunan. Aska takwas ba ta gaza kente tsufa ko wahalar aiki ba. Mai ɗinkin hannu a Zariya yakan shafe watanni a kan babbar riga ɗaya. Amma idan aikin ya isa kantin Osu, sai ya zama “adon Afirka”, kamar Afirka wani ƙauye ne mai tela ɗaya.

Kada a ɗauka muna cewa dattawa ba su da gaskiya ko kaɗan. Suna da ita a wuri ɗaya, kuma a nan muna bayansu ba tare da wata-wata ba. Mun ga rigar da aka buga wa hatimi a baya, mun ga wadda aka yi wa rubutun Larabci wanda mai zanen bai san ma'anarsa ba, ya ga dai lanƙwasar haruffan ta yi masa kyau. Aya da sunan Allah ba ado ba ne, kuma ba su da wurin zama a inda ake zuba giya. Haka rawani da alkyabba. Waɗannan naɗi ne, akwai wanda ya ba da su, akwai wanda aka ba. Telan da aka kawo wa irin wannan aiki ya mayar da shi, ko nawa za a biya. Batun zuwa gidan rawar kansa kuma malamai sun yi bayani, ba mu da abin ƙarawa, sai dai mu lura cewa yaron da zai je zai je, ko da kaftani ko da rigar gwanjo. Datse kaftani bai kai kowa Osu ba. Idan an hana telan Zango ɗinka wannan riga, saurayin ba zai fasa fita ba, kuɗinsa ne kawai zai fasa shigowa unguwa.

Ga kuma inda kuɗin zai tafi. Ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kusan miliyan 15 ne ke shigowa kasuwar Kantamanto a kowane mako, kuma kaso mai yawa daga ciki a juji da bakin teku yake ƙarewa. Ko gobarar da ta cinye kasuwar a farkon Janairun 2025 ba ta tsayar da wannan ambaliya ba. Wannan ne abokin gabar telan Zango na haƙiƙa, tare da jallabiyar kanti da ake shigowa da ita a ɗinke daga Dubai da Sin, wadda, a yi mana afuwa, dattawan da ke kukan mutuwar al'ada su ne manyan masu sayenta. Saurayin da ya ɗauki kuɗinsa ya sayi shadda ya kai wa tela, ko da ya ce a datse masa ita iya cibiya, ya fi taimakon sana'ar iyayenmu a kan wanda ya sayi doguwar riga mai lamba daga waje ya zo yana yi masa faɗa.

Laifinmu bai tsaya a nan ba, kuma ba za mu ɓoye shi don muna jin haushin wasu ba. Mu ne muke sayen yadin sidi dubbai ba tare da neman ragi ba, sa'an nan mu zauna a shagon tela mu yi rabin awa muna ciniki a kan kuɗin ɗinki, mu tafi da rigar mu ce sai bayan Sallah. Mu ne muka mai da sana'ar tela wurin jefa yaron da ya kasa karatu. Telolin ma su ji nasu: alƙawarin tela ya zama abin barkwanci a Zango, har ana kwana a shago daren Sallah ana jiran wuyan riga. Mai kantin Osu bai fi su iya ɗinki ba, bai ma iya ba, amma ya san ranar da ya ce a zo a karɓa, ya iya ɗaukar hoto, ya iya amsa waya da fara'a. Waɗannan ba sihiri ba ne. Matasan Free The Youth a nan ƙasar suka fara da buga riguna da ɗaukar hotunan junansu, yau ana sanin sunansu a ƙasashen waje. Babu abin da suka yi wanda ɗan Nima mai waya a hannu ba zai iya yi wa shagon mahaifinsa ba.

Ga masu zanen tufafi na Osu da East Legon, ba mu ce ku daina ba. Wasu daga cikin rigunanku sun yi kyau, kuma mai da aska zuwa gadon baya dabara ce da muka so a ce mu muka fara ta. Zane aiki ne, haya a Osu kuɗi ce, mun sani. Amma ku kira riga da sunanta. In kaftani ne ku rubuta kaftani, in aska takwas ce ku rubuta aska takwas, baƙon da ya iya furta kente zai iya furta wannan. Ku rubuta sunan wanda ya ɗinka da unguwarsa a jikin takardar, kamar yadda telolin titin Savile Row na Landan, inda Ozwald Boateng ɗan asalin Ghana ya yi suna, suke alfahari da mai yanka da mai haɗawa. Ku biya kuɗin da za ku iya faɗa a gaban mai sayen rigar ba tare da kun sunkuyar da kai ba. Idan ba za ku iya faɗarsa ba, kun san dalili.

Ana cewa sunan wannan unguwa tamu, Adabraka, daga kalmar albarka ya samo asali, wato abin da ɗan kasuwar Bahaushe ke faɗa idan an taya kayansa da arha: albarka, ƙara dai. Maƙwabtanmu Ga sun ji kalmar ta yi yawa a bakin kakanninmu har suka raɗa wa wurin. Jikokin waɗannan mutane ne yau ake miƙa wa kuɗin da bai kai ushirin aikinsu ba, su karɓa da hannu biyu su yi godiya. Akwai sarakunan Zango, akwai ƙungiyoyin teloli, akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017. Ba mu ga abin da zai hana a tara telolin Nima da Maamobi da Adabraka a zaure ɗaya a tsayar da mafi ƙarancin kuɗin ɗinkin da za a karɓa daga masu kantuna ba, a kuma samar da tambari ɗaya da zai nuna cewa wannan ɗinkin Zango ne. Idan za a iya tara mutane ɗari don tattauna hoton yaro ɗaya, za a iya tara su don wannan.

Mun koma wurin Baba a makon jiya. Ya ce mai kantin ya sake aiko da yadi na riguna goma sha biyu, shi kuma ya aika masa da sabon farashi, ya ce kuma zai ɗinka 'yar lamba mai sunan shagonsa a cikin kowace riga, daga gefen aljihu. Har ranar da muka je ba a ba shi amsa ba, yadin na nan a ajiye a kan tebur cikin ledarsa. Jikansa, wanda da ba ya ko leƙa shagon, shi ya je New Town ya bugo lambobin, kuma ya roƙi kakan ya yanka masa irin rigar da ragowar wata shadda ruwan toka. Baba ya yarda da zif ɗin, ya yarda da askar baya, amma ya ce tsawon sai ya sauka ƙasa da ƙugu da taƙi ɗaya, in ba haka ba yaron ya nemi wani tela. Mun baro su suna gardama a kan taƙin, tef ɗin awo a wuyan jikan.